A DUBA KAYA KAFIN A BIYA: Darasi ga Hakimai da Malamansu na Ƙasar Gumel

Dalilin wannan darasi

1. A ƙasar Gumel, watau a ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, akwai masu sana'a da yawa waɗanda aikinsu ba ya yiwuwa sai da kayan da a ke kawowa daga wata ƙasa. Mai yin sabulu yana bukatar soda. Marini yana bukatar garin rini da haidiro. Mai gidan burodi yana bukatar yis, mai yin yogot yana bukatar madarar gari, mai tace ruwan sha yana bukatar garin kulorin. Haka kuma fataken da ke kai wa majemun Kano fatu, da yawa daga cikin hajarsu daga Nijar ta ke ƙetarowa. Irin waɗannan kaya su ne a ke kira ɗanyun kayan masana'anta, domin ba don kansu a ke sayensu ba, sai don a sarrafa wani abu da su.

2. To, ɗanyen kayan masana'anta yana da wani hali wanda ya bambanta shi da sauran haja. In mutum ya sayi ruɓaɓɓen tumatir, hasararsa ba ta wuce kuɗin tumatirin ba. Amma in marini ya sayi haidiron da ya mutu, zai yi hasarar kuɗin haidiro, da kuɗin rini, da shaddar mutane da ya ɓata, da kuma sunansa a gari. Sau da yawa ma aibin ba ya bayyana sai bayan kwanaki, sa'ad da mai kaya ya riga ya kama hanya. Daga nan sai rigima ta tashi, sai a ɗunguma zuwa ƙofar hakimi.

3. Saboda haka ya kamata hakimai da malamansu su san yadda waɗannan kaya su ke tsufa, da yadda a ke gane tsohon kaya tun kafin kuɗi ya fita daga hannu. Abin da darasin ya ƙunsa a taƙaice shi ne: ba kwanaki kaɗai ke tsofar da kaya ba, zafi da laima da iska su ne su ka fi cinsa. Rubutun da ke jikin buhu shaida ɗaya ce kawai. Sai an haɗa ta da shaidar ido, da ta hannu, da ta gwaji, sa'an nan ciniki ya tsaya.

Hanyoyi biyu da kaya ke biyowa

4. Hanya ta farko ta kudu ce. Soda da haidiro da garin rini galibi daga Sin da Indiya a ke kawo su, madarar gari kuwa daga ƙasashen Turai da New Zealand. Jirgin ruwa daga Sin ya kan yi fiye da wata guda kafin ya iso Ikko, watau Legas. Can kaya za su jira a tashar Apapa ko ta Tin Can har a gama da Kwastam. Sa'an nan mota ta ɗauko su tafiyar kilomita wajen 1,000 zuwa Kano, su zauna a sito a Sabon Gari ko kasuwar Singa, har ɗan sari ya saya ya kawo Gumel. A kowane zango kaya na shan rana, wani lokaci ruwan sama ya taɓa su.

5. Hanya ta biyu ta arewa ce, daga jihar Damagaram ta Jamhuriyar Nijar zuwa Maigatari, inda kasuwa ke ci kowace ranar Alhamis. Ta nan a ke shigo da dabbobi, da fatu, da kanwa, da ƙaro, da sauran amfanin ƙasa. Har wa yau a kan ga kayan Turai masu rubutun Faransanci waɗanda su ka sauka a Kwatano ko Lome, su ka zaga ta Nijar kafin su iso.

6. Kowace hanya tana iya tsayawa ba zato. An rufe iyakokin Nijeriya na ƙasa a watan Agusta 2019, ba a buɗe ba sai a watan Disamba 2020, Maigatari na cikin iyakoki huɗu da a ka fara buɗewa. An sake rufe iyaka da Nijar a watan Agusta 2023 bayan juyin mulkin da a ka yi a Yamai, Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren a watan Maris 2024. Duk lokacin da irin wannan ta faru, kaya su kan kwana a mota ko a sito wata da watanni. Ran da hanya ta buɗe, su ne su ke fara cika kasuwa. Don haka bayan kowace rufewar hanya, lalle ne mai saye ya ninka lura.

7. Wannan al'amari zai ƙara girma, ba raguwa ba. Tun wajen shekarar 2000 a ka kafa yankin ciniki marar haraji a kan iyakar Maigatari, an kuma keɓe filin masana'antu a Gagarawa, garin da layin dogo na Kano zuwa Nguru ya ratsa tun 1930. Ko'ina masana'anta ta tsaya, 'yan sarin ɗanyun kaya za su biyo ta, na kirki da waɗanda ba na kirki ba.

Misalai biyu daga tarihin ƙasa

8. A shekarun 1974 da 1975 ma'aikatun Gwamnatin Tarayya sun yi odar siminti wajen tan miliyan 20 daga ƙasashen waje, alhali tashar Ikko ba ta iya sauke ko kusa da haka a shekara. Jirage fiye da 400 su ka yi cirko-cirko a bakin teku, waɗansu wata da watanni, a na biyan kuɗin jira kowace rana. Laimar teku ta shiga simintin, da yawa ya daskare tun yana cikin jirgi. Siminti ne mai kyau ran da ya bar masana'antarsa. Jira ne ya kashe shi. Yau yawancin simintin da a ke gini da shi a nan ƙasar a ke yinsa, a Obajana da Ashaka da Sakkwato da sauransu, amma darasin na nan: kaya na iya mutuwa a hanya ba tare da an buɗe buhu ba.

9. Misali na biyu ya fi ɗaci. Daga ƙarshen shekarar 2008 zuwa farkon 2009 yara 84 su ka rasu a Nijeriya bayan an ba su wani maganin haƙori mai suna My Pikin. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya na cikin wuraren da a ka fara ganin cutar. Bincike ya nuna an haɗa maganin da wani ruwa mai guba wanda ke kashe ƙoda, an sayo shi daga hannun ɗan sarin sinadarai marar rajista a Ikko, a matsayin wani ruwa dabam marar illa. A 2013 kotu ta ɗaure ma'aikatan kamfanin biyu shekara 7. Wannan ba tsufan kaya ba ne, algus ne. Amma ƙofar da ya shiga ita ce ƙofar da tsohon kaya ke shiga: an saya ba takarda, an yi aiki da shi ba gwaji.

Abubuwa uku masu cin kaya

10. Na farko zafi. Ranar ƙarewar da kamfani ya buga a jikin buhu ya buga ta ne bisa sharaɗin za a ajiye kayan a wuri mai sanyi marar laima. Masana sinadarai suna ƙiyasta cewa in zafi ya ƙaru da awo 10, saurin lalacewar abubuwa da yawa ya kan ninka. A ƙasar Gumel kuwa, daga Maris zuwa Mayu zafi kan wuce awo 40 a inuwa, balle cikin kwantena ko shagon kwano wanda ba shi da taga. Saboda haka kayan da a ka rubuta masa shekara biyu yana iya ƙarewa tun bai cika ta ba.

11. Na biyu laima. Daga Yuni zuwa Satumba iska na ɗauke da ruwa, ƙasa na jiƙe. Buhun da a ka ajiye a daɓe, ko a ka jingina da bango, yana shan danshi ko da ruwan sama bai taɓa shi ba. Na uku iska kanta. Da zarar an huda leda, iska ta shiga ta fara aiki a kan soda da haidiro da yis, ko da a cikin hunturu ne. Wannan ya sa kayan da a ke sayarwa a gwangwani ko mudu daga buɗaɗɗen buhu su ka fi kowane kaya haɗari.

Shaida ta farko: rubutu da takarda

12. A jikin buhu ko ganga ko kwali na gaskiya a kan sami sunan kamfani, da ƙasar da a ka yi kayan, da nauyi, da lambar rukuni, watau lambar da a ke ba duk kayan da a ka yi a tashi ɗaya. Yawancinsu kuma suna da ranar yi da ranar ƙarewa. A kayan da ke da rubutun Ingilishi, MFG na nufin ranar da a ka yi, EXP na nufin ranar ƙarewa. A na Faransanci FAB ne ke nufin ranar yi.

13. A nan malamin hakimi zai yi wa jama'a amfani ƙwarai, domin ƙasashe ba su jera kwanan wata iri ɗaya. Ingila da Faransa da Indiya suna fara rubuta rana, sa'an nan wata, sa'an nan shekara, kamar yadda a ke yi a nan. Amurka tana fara rubuta wata. Sin tana fara rubuta shekara. Ke nan 03/10/2025 a kayan Ingila 3 ga Oktoba ne, a kayan Amurka kuwa 10 ga Maris. Tsakaninsu kusan wata bakwai. Sai an duba ƙasar da ta yi kayan kafin a yanke abin da lambobin ke nufi.

14. Akwai masu sāke kwanan wata. Ga alamun da a ke gane aikinsu: takardar da a ka manna a kan wata takarda; tawadar kwanan wata ta bambanta da ta sauran rubutun; wurin ya yi haske ko ya karce kamar an goge; tawada na fita in an shafa da ɗan yatsa mai danshi; bakin buhu na da ramukan ɗinki biyu, ko zaren ya bambanta da na sauran buhunan; hatimin murfin ganga ya karye. In an ga ɗaya daga cikinsu, a bar kayan, kome arahar su.

15. Babban ɗan kasuwar da ya shigo da kaya ta hanyar doka yana da takardar gwaji daga kamfanin da ya yi su, mai nuna ƙarfin kayan da lambar rukuninsu. Mai sayen buhu da yawa yana da ikon ya nemi kwafinta. Abin dubawa shi ne lambar da ke takarda ta zo daidai da wadda ke jikin buhu. In ba su zo daidai ba, takardar ta wani kaya ce. Hukumomin da ke kula da wannan sha'ani biyu ne: NAFDAC, wadda a ka kafa a 1993, ita ke kula da abinci da magunguna da sinadarai; SON kuwa ita ke kula da ingancin kayan masana'antu, tun 2005 ta ke da tsarin SONCAP na duba kaya kafin su baro ƙasarsu.

Shaida ta biyu da ta uku: ido da hannu, sa'an nan gwaji

16. *Soda ta sabulu.* A buhu mai kilo 25 ta ke zuwa, ɓawo-ɓawo ko ƙwaya-ƙwaya. Sabuwa fara ce, busasshiya, tana zuba waras. Tana jan ruwa daga iska, tana kuma jan wani hayaƙi da ke cikin iska wanda ke mai da ita wata soda dabam marar ƙarfi. Tsohuwa ta kan dunƙule kamar dutse, ko ta yi jiƙe-jiƙe, ko ta yi farin gari a sama kamar alli. Tun da ruwan da ta sha yana da nauyi, mai sayen tsohuwar soda a sikeli yana biyan kuɗin ruwa ne. Gwajinta shi ne a zuba kaɗan a ruwan sanyi cikin roba mai kauri: mai ƙarfi za ta narke, ruwan ya ɗau zafi nan da nan, ya washe. Sa'an nan a haɗa sabulu ɗan kaɗan a ga ko zai kama. Lalle a kiyaye: soda a ke zuba wa ruwa, ba a zuba wa soda ruwa. Ba a taɓa ta da hannu sai da safa, ba a sa ta a tukunyar alminiyam, a kuma kare ido, domin tana makantarwa.

17. *Haidiro na marina.* Shi ne ke narkar da garin rini har ya shiga zare. Sabo farin gari ne mai laushi, warinsa kaɗan ne. Tsoho ya kan cure, ya yi rawaya-rawaya, warin farar wuta ya buge hanci tun kafin a kusato. A gwada shi a ƙaramin kwano da ƙyalle guda. In rinin shuɗi ne, ruwan da ya haɗu daidai ya kan juya launi, ƙyallen ya fito da kore-kore, sa'an nan iska ta mai da shi shuɗi. In haidiro ya mutu, rinin ba ya narkewa sosai, ya kan zauna a bayan zare, wanki ɗaya ya zube. Wani abin tsoro kuma, haidiro in ruwa kaɗan ya taɓa shi a ganga yana ɗaukar zafi har ya kama wuta da kansa. Kada a yarda a ajiye shi a ɗakin da ke yoyo, ko kusa da rumfunan zana a kasuwa.

18. *Garin kulorin.* Mai kyau ya kan fito daga kamfani da ƙarfin kashi 65 zuwa 70 cikin 100. Zafi na rage masa ƙarfi kullum. Alamun tsufansa su ne ganga ta yi tsatsa ko ta kumbura, garin ya cure ko ya yi laka-laka. Hanci ba ya isa shaida a nan, domin ko raunanan gari yana wari. Sai an auna ruwan da a ka sa wa da abin awon kulorin, irin wanda ma'aikatan ruwa da na tsabta ke riƙewa. Wannan ya fi sauran nauyi, domin wanda ya sa mataccen kulorin a rijiya ko tanki lokacin amai da gudawa zai sakankance ruwan ya tsarkaka, alhali ƙwayar cuta na nan.

19. *Yis.* Busasshen yis a ƙunshi mai giram 500 ya ke zuwa, an zuƙe iskar ciki. Ƙunshi mai lafiya tauri gare shi kamar bulo. In an matsa an ji ya yi laushi, garin na motsi a ciki, iska ta shiga. Gwajinsa ba wuya: cokali ɗaya na yis da cokali ɗaya na sukari a rabin kofin ruwa mai ɗumi, ba mai zafi ba. Cikin minti 10 mai rai zai yi kumfa ya taso. Wanda ya kwanta shiru ya mutu, zai kuwa tafi da buhun fulawa guda.

20. *Madarar gari.* Mai maiƙo ta fi marar maiƙo saurin lalacewa, domin man da ke ciki ne ke tsufa. A sansana: mai kyau ƙanshin madara ta ke yi, tsohuwa warin tsohon mai ko na kwali. A duba launi: zafi na mai da ita rawaya mai duhu. A damƙa a hannu: in dunƙulen ya ƙi fashewa, laima ta shiga. A dama kaɗan a ruwan ɗumi a bari ya kwanta, a ga ko zai bar tsaki a gindin kofi. Tun da yara ne su ka fi shan abin da a ke yi da ita, duk madarar da a ka juye daga buhunta na asali zuwa leda marar suna, a guje ta.

21. *Fatu da ƙiraga.* Fata ta kan fara ruɓa sa'o'i kaɗan bayan fiɗa in ba a shanya ta ko an sa mata gishiri ba. Babban gwaji shi ne jan gashi: a kama gashin wuya ko na ciki a ja. In ya tuje da sauƙi, ruɓa ta kama, majemi ba zai sami fata mai daraja ba. A sansana gefen nama. A duba jan tabo a fatar gishiri, domin alama ce ta daɗe cikin zafi. A buɗe ninki a nemi ƙwari da ƙananan ramuka da gari-garin da su ke bari. A yi hankali da fatar da a ka shanya a ƙasa cikin tsakar rana: bayanta ya kan bushe ƙamas ya kulle danshi a ciki, aibin ba ya fitowa sai an jiƙa ta a majema ta ɗaɗɗaye. Wadda a ka ɗaure a katako a inuwa, iska na ratsa ta gaba da baya, ita ce abin nema. Fatar dabbar da ta mutu farat ɗaya ba a san dalili ba kuwa, kada a taɓa ta, a kira malamin dabbobi, domin akwai cutar da ke kama mutum ta hanyar fata.

Yadda a ke ɗibar samfur

22. Mai kaya ya kan sa buhu mafi kyau a bakin ƙofa. Don haka mai saye ne zai nuna buhunan da za a buɗe, ba mai sayarwa ba. A ɗiba daga sama, da tsakiya, da na ƙasa wanda ya taɓa daɓe, da na jikin bango. A buhu 25 a buɗe 5, a buhu 100 a buɗe 10. In cinikin babba ne, a raba samfur kashi biyu a gaban shaidu, a rufe a kwalba ko leda mai kauri, a rubuta rana da lambar rukuni, kowa ya riƙe ɗaya. Wanda ya hana a buɗe kayansa, ya riga ya faɗi abin da ke ciki. Ba a cinikin biri a sama.

Lissafin araha

23. Tun da kuɗin canji ya tashi a 2023 kayan waje su ka yi tsada, masu ƙaramin jari na neman inda za su sami sauƙi, nan ne tsohon kaya ke samun kasuwa. Ga misali, kuɗin da a ka sa don lissafi ne kawai. A ce sabon haidiro naira 60,000, tsoho naira 45,000. Marini ya ga ragin naira 15,000 ya saya. Amma tsohon ya rasa sulusin ƙarfinsa, sai an zuba ɗaya da rabi kafin ya yi aikin ɗaya. Ke nan aikin naira 60,000 ya ci naira 67,500, ban da shaddar da ta ɓaci kafin ya gane. Araha ba ta ado. Malami ya yi wa masu sana'a wannan lissafi a allo, domin lamba ta fi nasiha shiga kai.

Aikin hakimi

24. Hakimi ba ma'aikacin Kwastam ba ne, ba kuwa alƙali ba. Ba aikinsa ba ne ya kama kaya, ko ya rufe shago, ko ya ci tara. Aikinsa huɗu ne. Na ɗaya, ya tara dagatai da masu unguwanni da sarakunan sana'a, watau sarkin kasuwa da sarkin marina da sarkin fawa da shugabannin masu burodi da masu sabulu, a karanta musu wannan darasi, musamman gab da bazara da gab da damina. Na biyu, ya ja hankalin masu sito su ɗora kaya a kan katako, nesa da bango, su fara sayar da wanda ya fara shigowa, su raba sinadarai da kayan abinci. Na uku, in an ga kayan da a ka sāke wa kwanan wata, ko abin da zai cuci lafiyar jama'a, ya rubuta wa Majalisar Sarki da ƙaramar hukuma ran nan, don a sanar da ofishin NAFDAC na jiha a Dutse. Na huɗu, sulhu.

25. Wajen sulhu, abin da shari'a ta tanada sananne ne ga malamai: ɓoye aibin haja haramun ne, wanda kuma ya sayi abu ya tarar da tsohon aibi da ba a nuna masa ba yana da zaɓi, ko ya riƙe ko ya mayar. Amma wanda a ka nuna wa aibi ya gani ya yarda, ba shi da ƙara. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zub da ruwa. Wuyar ita ce tabbatar da lokacin da aibin ya shiga, ko a hannun mai sayarwa ko a ɗakin mai saye. Samfurin da a ka rufe ran ciniki shi ke raba wannan gardama. In sulhu ya ƙi, a tura su kotu da takardunsu.

Aikin malamin hakimi

26. Malami ya buɗe littafi guda domin manyan cinikayya da a ka kawo a shaida. A kowane ciniki ya rubuta: rana; sunan mai saye da mai sayarwa da dillali; irin kaya da yawansu; ƙasar da a ka yi su; lambar rukuni; ranar yi da ranar ƙarewa, da sunan wata a rubuce, ba da lamba ba; buhu nawa a ka buɗe; gwajin da a ka yi da abin da ya nuna; kwana nawa a ka yarda a mayar da kaya in aibi ya fito; sa'an nan sa hannun shaidu biyu. Kada ya rubuta abin da bai gani da idonsa ba. Kada kuma ya karɓi kome daga ɗayan ɓangarorin, domin ran da a ka san littafin na sayuwa, ran nan ya zama takardar banza.

Tambayoyi don bita

(a) Waɗanne abubuwa uku ne ke tsofar da kaya, a wane lokacin shekara kowannensu ya fi ƙarfi a ƙasar Gumel?

(b) An rubuta 04/11/2025 a jikin ganga. Me malami zai fara dubawa kafin ya faɗi ranar?

(c) Don me a ka ce mai sayen tsohuwar soda a sikeli yana biyan kuɗin ruwa?

(d) Bafatake ya kawo fatu 200 Maigatari ran Alhamis. Yaya za a gane waɗanda ruɓa ta kama?

(e) Hakimi ya sami labarin madarar da a ka sāke wa kwanan wata a kasuwar ƙasarsa. Me zai yi, me kuma ba zai yi ba?

27. Kowane malami ya rubuta amsoshinsa ya nuna wa hakiminsa. Sa'an nan a ran kasuwa ta gaba ya nemi mai burodi ɗaya da mai sabulu ɗaya, ya tsaya su yi gwajin yis da na soda a gabansa, domin abin da zai koya wa mutane ya zama ya taɓa gani. Allah ya sa albarka a sana'o'in talakawa, ya kare su daga hasara, amin.